Mai Barin Shaye-shaye In Ya Zame, A Fitar Da Shi Ko A Bar Shi?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wannan mako za mu ɗauki wata mas'ala wadda asalinta ta mutanen wata ƙasa ce mai nisa, amma duk wanda ya taɓa ganin ɗansa ko ƙanensa a hannun jarabar ƙwaya ko barasa zai ga ba ta yi masa nisa ba. Mas'alar kuwa ita ce: wasu mutane sun haɗu a gida ɗaya domin su taimaki juna barin shaye-shaye, suka yi alkawari a tsakaninsu cewa wanda duk ya koma ya sha, ko da sau ɗaya ne, zai tattara kayansa ya fita. Ana nan sai ɗayansu ya zame. Shin fitar da shi adalci ne, ko kuwa rufe ƙofar tausayi ne a gaban wanda ya fi kowa bukatarsa?

YADDA GIDAN YAKE

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mai karatu ya san gidan da ake magana a kansa. A ƙasar Amurka, idan aka sallami mashayi daga asibitin da ya yi jinyar jaraba, sau da yawa ba ya da wurin komawa sai unguwar da ya fito, inda mai sayarwa ya san shi, abokan sha kuma suna jiransa. Saboda haka aka ƙirƙiro gidaje na tsaka-tsaki, tsakanin asibiti da zaman duniya. Mafi shahara a cikinsu su ne waɗanda ake kira Oxford House. An fara su a shekarar 1975 a garin Silver Spring na Jihar Maryland, lokacin da hukumar yankin ta rufe wani gida da take ajiye masu murmurewa. Mutum 13 da ke zaune a ciki, har da wani lauya mai suna Paul Molloy wanda barasa ta raba shi da aikinsa, suka ce ba za su watse ba, suka kama hayar gidan da kansu, suka ci gaba da zama ba tare da wani ma'aikaci a kansu ba. Yau irin waɗannan gidaje sun haura 3,000.

Sharuɗɗan da aka gina su a kai uku ne. Na farko, mazauna su ke tafiyar da gidansu ta hanyar shawara da ƙuri'a. Na biyu, su ke biyan haya da wuta da ruwa daga guminsu, kowa ya kawo daidai da na ɗan'uwansa. Na uku, wanda ya koma shan barasa ko ƙwaya za a fitar da shi nan take. Gidan maza daban, na mata daban, kuma ba ya kasa mutum 6. Mai neman shiga zai zauna gaban mazauna su yi masa tambayoyi, ba kuwa za a karɓe shi ba sai kashi 80 cikin 100 sun yarda. Suna zaɓen shugaba da ma'aji da magatakarda da mai raba aikin shara da wanke-wanke, kowannensu wata 6 zai yi ya sauka, don kada wani ya mai da kansa sarki. Mako-mako sukan zauna a karanta lissafin kuɗi, a faɗi wanda bai biya ba, a faɗi wanda ya bar kwanonsa a baho. Ba a yanka wa kowa ranar fita. Muddin mutum yana biyan rabonsa, bai sha ba, bai tayar da hankalin gida ba, to, ya zauna iyakar yadda yake so.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman jin daɗi ne. Sabon shiga yakan zo ba aiki, ba kuɗi, dangi sun gaji da shi. Barci ba ya zuwa sai can tsakar dare, abu kaɗan ya fusata shi, jiki na neman abin da ya saba. Zai raba ɗaki da mutumin da bai taɓa gani ba. A gidaje da yawa, a watan farko ana ƙayyade masa lokacin dawowa da dare, ana kuma sa shi halartar tarurrukan masu barin shaye-shaye. Babban mutum mai 'ya'ya sai ga shi ana tuna masa yau shi ke da wankin banɗaki. Amma a cikin waɗannan ƙananan abubuwa amfanin yake, domin mashayi ya daɗe rabonsa da a dogara gare shi a kan wani abu, kome ƙanƙantarsa. An kuwa gwada. A shekarar 2006 malaman Jami'ar DePaul ta birnin Shikago suka buga sakamakon binciken mutum 150 da suka fito jinya, rabi aka kai su irin waɗannan gidaje, rabi aka bar su bisa hanyar da aka saba. Bayan shekara 2, waɗanda suka koma shaye-shaye a cikin 'yan gidan kashi 31 ne cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 65.

ME YA SA SAI DA GIDA?

Wani zai ce, ai tuba a zuciya take, mene ne na canza ɗaki? Gaskiya ne malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne barin laifin, da nadama a kan abin da ya wuce, da ƙudurta niyyar ba za a koma ba. Duk ukun nan mutum na iya cika su a dare ɗaya. Abin da ba ya cikuwa a dare ɗaya shi ne dawwama. Kalmar tauba a Larabci asalinta komowa ne, watau juyowar wanda ya yi nisa. Mai komowa kuwa sai yana da inda zai sauka. Har ila yau, kalmar maskan, wadda ake nufin mazauni da ita, tushensu ɗaya da sukun, watau natsuwa bayan motsi. Wanda jaraba ta daɗe tana kaɗa shi, abin da yake nema ke nan.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum daga al'ummun da suka gabata wanda ya kashe rai 99, ya je wa wani mai ibada yana tambaya ko yana da tuba. Mai ibadar ya yanke masa ƙauna, shi kuwa ya cika 100 da shi. Sa'an nan aka nuna masa wani malami. Malamin ya tabbatar masa ƙofar tuba a buɗe take, amma bai tsaya nan ba. Sai ya umurce shi ya bar garinsu domin mugun gari ne, ya tafi wani gari inda akwai masu bautar Allah ya zauna tare da su. Dubi bambancin mai ibada da mai ilimi. Malamin ya san niyya kaɗai ba za ta ɗauki mutumin ba muddin yana kwana yana tashi cikin waɗanda ya saba ɓarna da su. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, gidan da muke magana a kansa wannan garin na biyu ne a ƙanƙance. Darajarsa duka a abu guda take: babu abin maye a cikinsa. Ranar da ya shiga kuma aka ƙyale, gidan ya koma garin farko.

HUJJAR MASU CEWA A BAR SHI

Duk da haka ba za mu raina maganar masu sukar wannan sharaɗi ba, domin tana da nauyi. Suna cewa likitocin zamani sun tabbatar jaraba ciwo ne mai daɗewa, mai tafiya yana dawowa, kamar hawan jini da ciwon sukari. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a shekarar 2000 ya nuna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma cikin shekara guda. Idan haka ne, in ji su, zamewa alamar ciwon ce, wane asibiti ne kuwa yake korar majinyaci don ciwonsa ya tashi?

Suna da hujja ta biyu wadda ta fi ta farko tsanani. Mutumin da ya yi watanni bai sha ƙwayoyin dangin ofiyom ba, jikinsa ya daina jure adadin da yake sha a da. Idan ya koma ya sha gwargwadon da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Saboda haka ranar da ya zame tana cikin ranakun da mutuwa ta fi kusa da shi, a ranar nan kuma ake ce masa ya fita. Akwai ma wata hanya da wani masani mai suna Sam Tsemberis ya fara a birnin Niyu Yok a shekarar 1992, wadda ke ba marasa matsuguni ɗaki ba tare da an gindaya musu sharaɗin barin maye ba, bisa fahimtar cewa wanda yake kwana a titi ba ya da natsuwar da zai gyara kansa. A wajenmu kuma za a ƙara da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ita kanta giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da ambaton cewa zunubinta ya fi amfaninta girma a Suratul Baƙara aya ta 219, sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i aya ta 43, kana aka yanke hukunci a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Idan an bi Sahabbai sannu a hankali, don me ba za a bi wannan bawan Allah haka ba?

AMSAR DA MUKA RINJAYAR

Abin da muke gani, Allah ne Masani, shi ne sharaɗin daidai ne, amma daidaicinsa yana rataye da wasu abubuwa da in aka rasa su ya koma zalunci.

Masu sukar sun dubi mutum ɗaya sun manta da sauran. A gidan nan babu likita, babu mai gadi. Wanda ke kwana a gadon da ke kusa da na mai zamewar, wataƙila kwanansa 20 da barin sha, kuma warin abin kaɗai ya isa ya rushe masa abin da ya gina. Asibiti na iya riƙe wanda ciwonsa ya tashi domin yana da ma'aikata da ɗakin keɓewa. Shi kuwa Tsemberis kowa ɗakinsa yake ba shi, shan wani ba ya shiga hancin wani. Waɗannan kuwa tukunya ɗaya suke ci, ba su da wani garu sai alkawarin da suka yi wa juna. Nu'umanu ɗan Bashir, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito misalin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga da mutanen da suka hau jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wajensu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an bar su kowa ya nutse, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira, har su masu hudawar. Malaman fiƙihu sun ɗora ƙa'ida a kan irin wannan, cewa akan jure cutar da ta keɓanta da mutum ɗaya domin a tunkuɗe wadda za ta game jama'a.

Daɗin daɗawa, babu wanda ya ɗora masa sharaɗin bisa tilas. Da bakinsa ya karɓa ranar da ya shiga, da hannunsa kuma ya jefa ƙuri'a a kan wasu. Idan aka yafe wa Zaidu yau don yana da ban dariya, aka fitar da Amru gobe don ba ya da farin jini, alkawarin ya mutu, kowane mazauni kuma zai fara lissafi a zuciyarsa cewa shi ma yana da sau ɗaya da za a yafe masa. Wannan lissafi shi ne ƙofar da jaraba take jira. Batun saukar haramci daki-daki kuwa, hakan ya faru ne kafin a yanke hukunci. Da aka yanke, Anas ɗan Malik ya ba da labarin yadda aka tuntsurar da tuluna nan take har giya ta kwarara a titunan Madina. Sannu a hankali wurinsa shi ne haƙuri da halin mutum, da fushinsa, da jinkirinsa wajen samun aiki. Kwalba a ƙarƙashin gado kuwa ba ta cikin abin da ake bi sannu.

Amma fa a lura, fitarwa daga ɗaki daban, fitarwa daga zuciya daban. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar labarin wani Sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar, mai yawan ba Annabi dariya. An sha kawo shi ana yi masa bulala a kan giya. Wata rana wani daga cikin jama'a ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tsinuwar, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Abu Huraira, ya gargaɗi masu zagin wani mashayi kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Abin lura a nan shi ne ba a ɗage hukuncin ba, kuma ba a yarda da tsinuwar ba, duka biyun a zama ɗaya. Mu kuwa yawanci ɗaya muke iyawa. Ko mu yi ta rufa wa yaro asiri muna biya masa bashin mai ƙwaya har ya halaka, ko kuwa ran da muka gaji mu sallama shi da baƙar magana, mu ce ba mu ba shi har abada.

Saboda haka sharaɗin yana zama adalci ne idan mazauna suka kiyaye abu uku. Su fitar da shi zuwa wani wuri, asibiti ko hannun wani ɗan'uwa, wani daga cikinsu ya raka shi, domin ransa amana ne a wannan dare fiye da kowane dare. Tura shi titi shi kaɗai ba ya cikin alkawarin. Kada a tozarta shi, kada a yi ta yawo da labarinsa. Sa'an nan a gaya masa tun a bakin ƙofa cewa in ya koma jinya ya tsaya da ƙafarsa, yana da damar sake neman shiga, kamar yadda tsarin Oxford House ya yarda. Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu, da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, an ƙaurace musu kwana 50 har duniya ta yi musu ƙunci, amma ƙauracewar tana da iyaka, da aka karɓi tubarsu kuwa, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba aya ta 118, mutane suka riƙa tarbar Ka'abu ƙungiya-ƙungiya suna yi masa barka. Horon da ba a bar masa ranar barka ba ya tashi daga horo ya koma ramuwa.

ƘOFA A BUƊE DA MARI A ƘAFA

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuska. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a ƙiyasin shekarar 2017, 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyin maye. Iyaye da yawa da abin ya fi ƙarfinsu, gidan mari suka sani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sami irinsa a Daura da Katsina. Ga gidaje iri biyu, dukansu da tsanani. A ɗaya ana tsoratar da mutum da cewa ba zai fita ba. A ɗayan abin da yake tsoro shi ne a ce masa ya fita. Na farkon ya kame ƙafa ya bar zuciya yadda take, shi ya sa da an kwance mari sai yaro ya nufi inda ya fito. Na biyun kowace safiya mutum da kansa yake zaɓen zama, wannan zaɓe na kullum kuwa shi ne atisayen da zai bukata ranar da ya koma cikin jama'a, inda ba mai tsaron sa.

Masu tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan as-Saƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda giya ta fi ƙarfinsa. A yaƙin Ƙadisiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi. Da ya ji ƙarar yaƙi sai ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi mata alkawarin in ya rayu zai dawo ya mai da ƙafarsa cikin mari. Ta yarda da shi. Ya fita ya yi yaƙi mai ban mamaki, ya kuma dawo kamar yadda ya faɗa. Da Sa'adu ya ji, sai ya sake shi, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuwa Abu Mihjan a nan ya yi rantsuwar barin giya. Bulala da mari sun daɗe a jikinsa ba su raba shi da ita ba, sai ranar da aka ba shi amana ya ga ya iya riƙewa.

To, ya kai mahaifin da ke karanta wannan, da kai limami, da kai mai gidan haya da Allah Ya hore wa ɗakuna. Wanda ya fito jinya yana bukatar wurin da ba a sha, da abokan zama da suka san ciwonsa domin sun ɗanɗana, da aikin da zai ci guminsa, da doka bayyananna wadda ba ta duban fuska. In ya karya ta, a zartar masa ba tare da zagi ba, a raka shi inda za a kula da shi, a bar masa hanyar komowa ko da sau nawa ne, domin Wanda muke roƙo gafara a wurinSa bai ƙayyade mana adadin komowa ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarrabta, Ya ba iyayensu haƙuri da basira, Ya kuma tsare harsunanmu daga tsine wa wanda Shi bai yanke masa ƙauna ba, amin. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.